Ruwan Farko na Barmil

Duk shekara, idan jirgin sama ya gama feshin auduga, mai duba gonaki yakan sa a huda gangunan maganin a binne su bayan ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla. Mai gadi kuwa ba duka yake hudawa ba. Mu da wuyanmu ya ƙage da ɗaukar tulu daga tur'a, magudanar ruwan gonaki, a nuna mana barmil, wato ganga, mai cin tulu goma, a ce mu bar wa ƙasa?

Muna da hanyarmu. A wanke da toka sau uku, a ƙona kara a ciki, a shanya kwana bakwai, sannan a cika. Ruwan farko kaza ake ba. In ta kai la'asar tana tono, barmil ya zama na gida.

Shekarar da maigidana ya kawo namu, annoba ta share kajin gari. Ɗaya tal ta rage mini, tana kwance kan ƙwai. Kwana biyu barmil na cike ina kewaya shi, na kasa ɗaga ta.

Rana ta uku, da azahar, wani tsoho ya yi sallama. Maniyyaci ne daga wajen Sakkwato, shekara shida yana tafe a ƙasa, yana tsinkar auduga don ya tara guzirin ƙetare teku. Ya ce wannan ce kakarsa ta ƙarshe a gona, bana zai ga Ka'aba. Ya roƙi ruwa.

Akwai ruwa a randa, kada wani ya nema mini uzuri. Na wuce randar ina kallonta, na ɗebo daga barmil.

Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska. "Ɗiyata, ruwan ga na da ɗaci."

"Ƙarfe na, Baba. Ruwan barmil haka yake."

Don kada in ji kunya, ya shanye tas. Ya yi mini addu'a doguwa. Na shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na ce ya huta har la'asar, rana ta yi zafi. Ya ce bai ga mai kirki irina ba tun daga garin Kamlin. Na zauna ina tsince wake, ina satar kallonsa. Tsoro nake ji, amma wallahi har da ɗokin sanin sakamako, kuma wannan ɗokin ne na fi tsana a kaina har yau.

Bai kai la'asar ba. Hannuwansa suka fara rawa, sai kumfa a baki. Maƙwabta suka cika gidan. Tsakanin jijjiga biyu ya ba ni haƙuri don ya ɓata mini tabarma, ya sake neman ruwa. Maƙwabciyata ta suri ƙwarya ta nufi barmil a guje.

"Ba wannan ba!" Ban san lokacin da ihun ya fita ba.

Kowa ya juyo. Shi ma tsohon ya juyo. Idonsa a kaina yake har aka shafe masa shi.