Malam, Ina Jininmu?

Shekarun baya, shekarar da aka fara cire tallafin mai har ƙasa ta tsaya cak da yajin aiki, abokina ya dawo Gazara riƙe da wata 'yar kula mai ƙanƙara. Tare muka yi karatun allo. Ni na tsaya a gida da tawada da gonar rake, shi ya bi boko har ya zama mai bincike a kan garkuwar jiki.

Lokacin ƙanwata tana fama da wani ciwo. Gaɓoɓi su kumbura, gashi ya zube, in ta shiga rana fuska ta yi tabo. Ba ita kaɗai ba, akwai mata irinta har Dandamisa. Abokina ya duba ta, ya ce, "Malam, wannan ba jifa ba ne. Jiki yana da dakarun da ke tsare shi daga cuta. Nata ne suka rikice, suka koma yaƙar gida." Yana son ya ɗebi jinin masu ciwon ya kai birni ya auna.

A wajenmu, wanda ya daɗe a birni baƙo ne, kuma ba a ba baƙo abu sai wani ya tsaya masa. Na tsaya masa. Bayanin da ya zo da shi na Turanci na mayar ajami, na karanta a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Wani dattijo mai yin mazarƙwaila, wanda matarsa ke cikin masu ciwon, ya ce, "Malam, in ya tafi da jinin, wa za mu tambaya?"

Na ce, "Ni, Baba."

Abokina ya yi alkawarin dawowa da amsa kafin damina. Muka bi gida-gida, ni ne gaba da babbar riga ina rungume da kula, ina jin kaina rabin likita.

Damina ta sauka, ta ɗauke. Wayarsa ta daina shiga. Daga baya muka ji ya samu aiki ƙasar waje. Ni kuwa ina nan. A kasuwar Makarfi, a wajen suna, a wajen jana'iza, tambayar ɗaya ce: "Malam, ina jininmu?" Wasu suka ce sayar da shi muka yi. Aka daina kirana shaidar ɗaurin aure. Ƙanwata ba ta taɓa tambayata ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma shirunta ya fi min ciwo.

Bayan shekaru mahaifiyar abokin nawa ta rasu, ya zo. Na je ta'aziyya, na bari aka yi sadakar uku, sannan na same shi a zaure. Ya fara cewa yanzu babban malami ne a fannin, yana so ya yi min wani abu.

Na ce, "Likita, ni ba na son komai. Juma'a za ka tsaya inda na tsaya."

Ya tsaya. Ya gaya wa jama'a cewa jinin bai kai ga awo ba. Wuta ta ɗauke, janareta babu mai, firji ya mutu, duk ya lalace tun makon farko. Kunya ta hana shi dawowa. Binciken da ya ɗaukaka shi, da jinin mutanen wata ƙasa ya yi.

Dattijon nan, wanda shi ma ya riga ya binne matarsa, ya dogara sanda ya miƙe.

"Yaro, jini ne fa. Da ka dawo ka ce ya lalace, ai da mun ƙara maka."

Na san rai na Allah ne, kuma ko an auna, wataƙila ba abin da zai sauya. Amma har yau ban manta ba cewa man janareta ne kawai babu. Bara wata yarinya mai irin aikinsa ta zo neman wanda zai tsaya mata. Da alama mutuniyar kirki ce. Na ba ta haƙuri.

Ranar Juma'ar nan da jama'a suka watse, abokina ya kama hannuna ya ce, "Malam, saura me?"

Na ce, "Tsakanina da kai, babu saura. Ai ka mayar min da sunana." Na zare hannuna, na nuna masa hanyar maƙabartar da ƙanwata take kwance.