Ranar da Baba Kwanta Bai Kwanta Ba

Babu wanda ya yi wata guda a layinmu bai ɗanɗani ƙasa ba, kuma Baba Kwanta ne ya ɗanɗana mana. Mai faci ne, rumfarsa na jingine da shagon askina. Kafin faci soja ne. Ya je yaƙi ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, amma kunnuwansa can ya baro su. Taya ta fashe, ko salansar babur ta yi tari, sai ka ji "Kwanta!" Kafin ka waiga ya danne ka. Ni kaina ya taɓa danne ni da aska a hannu, wanda nake wa gyaran fuska ya koma gida da rabin gashin baki, matarsa ta ƙi buɗe masa ƙofa.

Na ce masa, "Baba, mai tsoron ƙara, wa ya aike ka sana'ar taya?"

Ya ce, "Mai aski, ita na iya. A can ma tayoyin motocinmu nake gyarawa."

Muna ta dariya har ranar da dariyar ta ƙare. 'Yarsa ta kawo masa jikarsa, 'yar shekara biyu da yake kira Amarya. Tana kan cinyarsa taya ta fashe. Ya cusa ta ƙarƙashin benci ya rufe ta da jikinsa, goshinta ya daki jak ɗin ɗaga mota. Ɗinki uku. Uwar yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Daga nesa za ka riƙa ganinta, sai ka samu sauƙi."

Sati biyu bai kula kowa ba. Sannan ya je wurin wata likita mai duba tsofaffin sojoji, ya dawo yana tsaki. "Wai in zauna in rufe ido in saurari numfashina. Ni da iska ce sana'ata, yarinya za ta koya mini iska!" Ya dai gwada. Da ya rufe ido sai abin ya fi muni, don a bayan idon yaƙin yake zaune.

Bahon ruwansa ne ya cece shi, wanda yake tsoma tif ɗin taya a ciki don gano huji. Wata safiya yana kallon ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ji ƙirjinsa ya lafa. Ya faɗa wa likitar, ta ce ai shi ke nan, ya yi da ido buɗe. Daga nan ya ware wani tsohon tif mai huji, ya ƙi yi masa faci. Kullum kafin ya fara aiki sai ya tsoma shi, ya shaƙi iska, ya sake ta a hankali tare da kumfar, yana magana ƙasa-ƙasa: "Ruwan da sanyi. Ƙafata tana ƙasa. Yau Talata. Nan layinmu ne."

Ni kuwa na baza labari wai Baba ya fara duba a baho. Har mai shayi ya zo ya durƙusa yana tambaya ko matarsa za ta dawo daga yaji. Baba ya ce, "Ni huji kawai nake gani, kuma naka babba ne."

Sau ɗaya ya gaya mini gaskiyar abin, hannunsa cikin ruwa. Akwai abokinsa direba da suke cin abinci a kwano ɗaya a fagen yaƙi, wanda bai dawo ba. "Na makara da ce masa ya kwanta, da ƙiftawar ido. Tun ranar shi nake kira, ba ku ba." Wannan labarin kam ban baza shi a layi ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Kada in yi muku ƙarya, bai warke tas ba, har yanzu yana zabura. Amma bayan wata takwas 'yarsa ta zo, ta daɗe a tsaye tana kallonsa, sannan ta miƙa masa yarinyar.

Ya ce, "Amarya, kin yi sabon miji ne kika manta da ni?"

Bai rufe baki ba tayar wata babbar mota ta tashi a bakin titi, ƙarar da na rantse ta kai gajimare. Duk layin muka zube. Mai shayi ya kifar da butarsa, tela ya shige ƙarƙashin kekensa, ni ina bayan kujera da tawul a ka. Babu wanda ya ce mu kwanta, horo ne ya kama jiki.

Da na leƙo, duk cikin 'yan layinmu mutum ɗaya ne a tsaye: Baba Kwanta. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, idonsa a kan bahon, leɓɓansa na motsi. Amarya na jan gemunsa. 'Yarsa ta riga ta miƙo hannu biyu za ta karɓe ta, sai ta tsaya, ta sauke su a hankali.

Ya ja numfashi, ya sake. Ya dube mu a ƙasa kamar buhuna, ya ce, "Ku tashi, taya ce."

'Yarsa ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Baba, riƙe mini ita, zan shiga kasuwa. Zan ɗan jima."