Ƙafar Noma

Jiya a gidan biki a Funtua wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana murna. Ashe malamarmu ce ta wasanni a sakandaren 'yan mata, can Malumfashi, a shekarun 1980.

Ita ba ta gwada mu da gudu. Jera mu take yi, mu tuɓe takalma, ta bi tana duba dugaduganmu. Ni 'yar Gozaki ce, a gonar auduga na taso, ƙafata duk faso. Ta ce wannan ƙafar noma ce, in tafi jan igiya, can ba a zaɓe. Har na gama makaranta igiya nake ja, alhali a garinmu ko maza ba sa cim mini.

Ta ce, "Ke ce mai ƙarfin nan! Da gudu kika shiga, da kin ciyo mana kofi."

Na ce, "Malama, ai ke kika hana."

Ta yi dariya. "Ni? Haba 'yar nan!"

Furfurarta ce ta sa na haɗiye sauran maganar.

Yau gwiwata ko bene ba ta hawa, kuma ban taɓa sanin iyakar guduna ba. Ku fa, wa ya yanke muku hukunci da kallo ɗaya?