Ƙurajen Fulawar Maman Ladi

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: sakaran labarin nan ni ne. Ba akuyar gidanmu ba ce, ba kuma ɗan maƙwabta ba, ni ne dai Sulen nan da kuke gani yau da furfura.

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake maimaita aji huɗu, muna zaune a gidan haya a unguwar Nasarawa, cikin Kaduna. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, haka ma mijin Maman Ladi, mutanen Filato da ɗakinsu ke kallon namu. Da hantsi aka kawo wa Maman Ladi saƙon tsohuwarta ta rasu. Ta fito da jaka, ido ya yi jawur, amma ta kasa wuce bakin ƙofa saboda fulawarta. Wata mai yaɗo ce a gwangwanin fenti, ganyenta kore shar da ɗigon rawaya, ta bi zare ta zagaye taga ta haye saman ƙofa. Tsohuwar ce ta karyo mata reshe ranar aurenta, aka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma har Kaduna. Ta dafa kaina ta ce, "Sule, ruwa kaɗan kawai, shi ma sai ƙasar ta bushe. Yanzu ita ta rage mini."

To, ni a lokacin ji nake ni likita ne, don kawai malami ya taɓa yaba mini a gaban aji a kan yanke farce. Washegari ina zuba ruwa sai na lura da wasu ƙuraje ruwan ƙasa a jikin karan, ɗaya a gindin kowane ganye. Ban daɗe da warkewa daga ƙazuwa ba, na kuma san yadda Inna ta yi da ni: kankarewa, sannan magani. Yara suna ta langa a waje suna kirana, na ce ina da majinyaci. Na ɗauko rezar Baba na bi ƙurajen nan ɗaya bayan ɗaya na kankare tas, na tsoma gashin kaza a kananzir ɗin fitila na shafe kowane ciwo. Na ja da baya ina kallon aikina, har ina tunanin irin godiyar da za a yi mini.

Ganye ya fara rawaya. Na ƙara ruwa. Ya yi laushi ya rataye, na sake ƙarawa, har gwangwanin ya soma wari kamar kwata. Kullum kafin Inna ta fito shara nake tsince waɗanda suka zube in cusa a aljihu. Mota ta tsaya a bakin layi sai in ruga in leƙa ko ita ce. Ba bel ɗin Baba kaɗai nake tsoro ba, ko da yake shi ma ba abin wasa ba ne. Matar nan ita ta riƙe Inna ranar haihuwar ƙanwata, shinkafarta muke jira ranar Kirsimeti, ita kuma cinyar ragonmu ran Sallah. Da wane ido zan kalle ta?

Wata rana Maman Ladi ta dawo da yamma, gida cike ana yi mata gaisuwa. Ta amsa biyu, ta uku ta maƙale, domin idonta ya kai taga. Ta shafa karan da ya yi baƙi, ta sunsuna yatsa, ta ce, "Wa ya sa mata kananzir?" Na ce ni ne, ƙuraje suka fito mata. Na ji ƙarar ƙarfen bel a bayana. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Baban Sule, dakata tukuna. Ba ƙuraje ba ne, yaro, saiwa ce. Ta nan take haihuwa."

Gindin ya riga ya ruɓe, sai dai a nemi gaɓa mai rai. Ta bi karan da yatsa, duk inda ta taɓa rezata ta riga ta. Ta sa aka jawo turmi ta hau, da kayan makokinta, tana lalube a saman ƙofa inda tsawona bai kai ba. Can ta samu gaɓa ɗaya, da ganyenta da ƙurjinta. Ta yanke ƙasa da ƙurjin kaɗan, ta tsoma a kwalbar ruwa, ganyen a waje, ta ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta bugu. Baba ya mayar da bel ya ce da ni, "Idan ta mutu, ni da kai ne."

Haka muka zauna, ita tana canza ruwa, ni ina leƙe daga nesa, don an hana ni matsawa. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi mini dariya ba, wannan ya fi dukan ciwo. Sai wata safiya ta ƙwala kira, "Likita! Zo ka ga majinyacinka." Wani farin abu siriri kamar zare ya tsiro a cikin kwalbar. Ita tana kuka, ni ina kuka, Inna tana yi mana dariya.

Yau masaƙun sun yi shiru, su Maman Ladi sun koma Filato tuntuni, ban san ko tana da rai ba. Irin gidan hayar nan da ake miƙa kwano ta kan igiyar shanya ma ya yi wuyar gani. Amma reshen da ta ba ni ranar da za su tashi, jikokinsa sun lulluɓe barandata a unguwar Trikania. Kwanan baya jikata Husna ta ce tana son ta dasa tata. Na gyara zama, na ɗauko reza, na fara bayani cewa harkar fulawa sai wanda ya ƙware tun yana yaro. Uwargida tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Husna, karɓe rezar nan daga hannun kakanki, ki kuma ɓoye kananzir."