Baba Illo, Maƙerin da Bai Tuge Uwar Maƙerarsa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 1961, cikin goman ƙarshe na azumi, Allah Ya karɓi ran Baba Illo, maƙerin Ƙofar Taramniya, bayan jinyar kwana tara.

Baba, ni ne Mode, maƙwabcinka, wanda kake kira Bakin Wuta. Yau bakin ya yi sanyi.

Masu manyan riguna za su ce maƙeri ne kawai ya mutu. To, su tambayi masu lambu na Dundaye wa ke gyara musu sungumi ya ce biya sai albasa ta yi. Su tambayi matan unguwarmu wa ya ƙera bututun famfon rijiyar masallaci, bayan na Turai ya ruɓe an ce sai shekara mai zuwa jirgi zai kawo wani.

Wannan bututun ne ya jawo maganar da ba zan manta ba. Shekara uku ke nan, aka yi gasar sana'o'i ta lardi, ɗanka Junaidu ya matsa maka ka kai irinsa. Daga tsohuwar gangar mai ka yanko ƙarfen, ka naɗe shi, ka haɗe bakinsa da wuta. Wani Baturen injiniya cikin alƙalai ya juya shi, ya shafa, ya leƙa ciki, bai ga mahaɗi ba. Sai ya ce ta bakin tafinta wannan aikin inji ne, sayowa aka yi. A gaban jama'a, Baba! Mutumin da bai taɓa tauye wa kowa ko allura ba aka mayar maƙaryaci.

Na tashi zan zazzage musu abin da ke cikina, ka riƙe mini hannu.

"Zamna, Bakin Wuta. Ƙarhe ba ya jin zagi."

Alƙalan suka ce in gaskiya ne, a ɗauko kayan aikinka ka sake wani a filin. Ka ce a'a. Na ji mutane sun fara dariya, wallahi har ni zuciyata ta karye. Sai ka dubi tafinta.

"Hwaɗa mai, uwar maƙera tun kakana ya kahe ta ba a taɓa tuge ta ba. Ba ta zuwa gun kowa. Mai son ganin aikinta shi taho."

Ka san in sun ƙi zuwa, sunan maƙaryaci zai bi ka har kabari, ya bi Junaidu. Duk da haka ka naɗe tabarmarka ka tafi gida.

Washegari da hantsi sai ga su. Rumfarka gajera ce, dole Baturen ya cire hularsa ya sunkuya kafin ya shiga, kuma babu kujera, ya zauna kan turmi. Junaidu ya kama zugazugi. Ka yi bisimilla. Na sha ganin kana aiki, amma ran nan ne na gan ka. Ba ka dubi kowa ba, launin wutar kawai kake kallo. Da ƙarfen ya yi fari yana tartsatsi ka watsa masa yashi, ka fizgo shi, masaba ta sauka kamar ana kiɗa. Kafin azahar ka tsoma shi cikin ruwa, ka miƙa wa Baturen. Ya toshe gefe ɗaya, ya cika shi da ruwa, ya jira. Ko ɗigo.

Ya miƙe zai yi maka jinjina, kansa ya bugi rumfa. Ka ce, "Sannu, Bature. Ta hi ka tsuhwa."

Lambar yabon da suka ba ka, a jikin ginshiƙin rumfar ka rataye ta tare da awartaki, har hayaƙi ya baƙanta ta. Ni ne kullum mai masifar a goge. Kai kuwa sai ka ce in je in taya mata jan ruwa in ƙarfi ya yi mini yawa.

Ranar Talata ni na ɗebo ruwan da aka yi maka wanka. A famfon masallaci na ɗebo shi, Baba. Ta cikin bututunka ya hau.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane ɗigon da aka sha ko aka yi alwala da shi ya zame maka sanyi. Iyalin Baba, Inna Zulaihatu, Junaidu da Habiba, da dukkan maƙeran Sakkwato, Allah Ya ba ku haƙuri. Junaidu, uwar maƙera tana inda take. Allah Ya ba ka hannun riƙe ta, amin.