Awon Rijiya Ranar Asabar

Shekara shida Malama Abigel Dogara ta yi tana auna rijiyoyin cikin birnin Zazzau, daga daminar 1986 zuwa daminar 1992. 'Yar Wusasa ce, tana koyar da lissafi a firamare, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Mutanen da ke tsakanin Ƙofar Doka da ganuwar yamma sun san ta da baƙar lema da jakar buhu.

Wanda ya ɗauke ta aikin shi ne Dakta Yunis Jibril, malamin jami'a mai nazarin ruwan ƙasa. Akwai wani rafi da ke gangarowa daga duwatsun Kufena ya bi ta kusa da ganuwa. A waɗannan shekaru motocin tifa sun fara kwasar yashinsa don gini, gindin rafin yana ta zurfi. Dakta yana zargin cewa idan rafi ya yi ƙasa, ruwan da ke ƙarƙashin unguwanni zai tsiyaye ya bi shi, rijiyoyi su ƙafe. Yana so ya kai wa kwamitin da ke ba da izinin kwasar yashi hujja a rubuce, ko a dakatar da tifofin.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ya kafa sanda mai lambobi a cikin rafin, ya zaɓi rijiyoyi tara, wasu dab da ganuwa, wasu can cikin gari, aka buga ƙusa a bakin kowacce. In yashi ne matsalar, rijiyoyin kusa da rafi za su riga na nesa sauka, kuma ruwan rijiya zai tsaya sama da na rafi, alamar ƙasa ce ke ba rafi ruwa. In kuwa ruwan rijiya ya faɗi ƙasa da na rafi, to mutane ne ke ɗiba fiye da kima.

Sai dai rijiyoyin birni a cikin gida suke, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Sau ɗaya aka bar Dakta ya shiga, ranar buga ƙusa, shi ma sai da mata suka shige ɗakuna. Dole mace ta yi awon. Haka aka samu Abigel.

Kowace Asabar takan fito bayan gari ya waye, ta fara karanta sandar rafi, sannan ta bi gida-gida. Tana da tef na awo mai ɗan ƙoƙon ƙarfe a kife a bakinsa. Takan zura shi a hankali har ta ji ƙoƙon ya taɓa ruwa, ta karanta lambar da ke daidai ƙusa, ta rubuta. Sharaɗi ɗaya Dakta ya kafa: kada a jefa guga ranar Asabar sai ta auna, domin ruwa ya kwana ya daidaita. A kowane gida takan tarar da guga a rataye, igiya a naɗe. Ranar da ta yi zazzaɓi ma ta zo. Sati biyu kawai ta rasa a shekara shida.

Gidan da ta fi daɗewa shi ne na Iya Asama'u, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda matan unguwar ke jin maganarta. Iya ba ta barin ta ta tafi sai ta sha koko.

"'Yar Wusasa, yau me abin naki ya ce?"

"Ya ƙara sauka, Iya."

"To, rubuta da kyau. Ki danna biro, kada su ce ba su gani ba."

Lambobin ba su fito yadda Dakta ya zata ba. Duk rijiyoyin suna ƙasa sosai, na nesa ma sun fi na kusa faɗuwa, da yawa kuma ƙasa da ruwan rafi. Ya sake lissafi, ya canja tef, bai ga kuskure ba. Mutum ne da ba ya murɗa lamba. A 1991 ya rubuta wa kwamiti abin da ya gani: bai sami shaidar cewa yashi ne ke kashe rijiyoyi ba, alama ta fi nuna yawan ɗiba. Kwamiti ya sabunta izini.

A watan Afrilun 1992 aka sa bikin ƙanwar Abigel ranar Asabar. Makaranta na hutu, sai ta ce bari ta yi awon ranar Juma'a, ba ta aika wa kowa ba. Ta iske an riga an fara ɗibar safe a gidan Iya, duk da haka ruwan ya fi na satin da ya wuce tsawo da kusan mita ɗaya. Babu ruwan sama tun Oktoba. Ta sake zurawa sau uku.

Iya ta fito daga madafa tana share hannu a zane.

"Yau kuma? Ai ba mu shirya miki ba."

"Wane shiri, Iya?"

"Ɗibar ruwa mana. Ranar Juma'a da la'asar muke kwashewa, mu cika randuna da duro, da asubar Asabar mu ƙara, sannan mu rataye guga. Yanzu ga shi kin zo kin sami rijiyar a cike, kamar masu hali."

Abigel ta zauna a kan turmin da ke kife.

"Tun yaushe?"

"Tun watan farko. Ni na bi gidajen na gaya musu. Ke malamar lissafi ce amma ba ki san gwamnati ba. In kika rubuta muna da ruwa, wa zai kawo mana famfo? Na cikin gari ma sun fi mu ƙoƙari, gidan Malam Aƙilu har maƙwabta suke kira a taya su."

"Iya, ba don famfo ake awon nan ba. Don yashin rafi ne."

"Yo wa ya gaya mana? An ce kada a jefa guga, ba a ce don me ba. Ni na ga mai mota da takarda, na ce mai kawo famfo ne."

Sai a lokacin Abigel ta tuna cewa ita ma ba ta taɓa yi musu bayani ba. Dakta ya yi wa mazan bayani a zaure, mazan kuma ba su ne ke jan guga ba.

Ta bi sauran gidaje takwas a ranar. Bakwai sun amsa ba tare da jin kunya ba, wasu har suna dariya. Gida ɗaya ne ya bi sharaɗi, na wani makaho da matarsa.

Ranar Litinin ta je ofishin Dakta ta faɗa masa duka. Ya ɗauko littattafanta goma sha ɗaya ya jera a tebur.

"Malama, da rijiya ɗaya ba a kafa hujja. Sai an sake daga farko, aƙalla rani biyu."

"Zan yi, ranka ya daɗe."

"Aikin zai ƙare a watan Yuni. Ni ma na karɓi wani aiki a waje."

Ya rubuta wa kwamiti wasiƙa yana janye rahotonsa. Abigel da kanta ta kai. Akawun ya karɓa, ya ce an riga an yanke hukunci a kan na farko. Babu amsar da ta biyo baya.

Ta ci gaba da awon ita kaɗai har ƙarshen damina, wannan karon matan sun bar rijiyoyin da gaske. Lambobin sun fara nuna abin da Dakta ya zata, na kusa da ganuwa suna riga sauka, amma babu wanda za ta miƙa wa. A ranin 1994 biyar daga cikin tara suka ƙafe. An yashe ta Iya sau biyu har aka ci karo da dutse.

Abigel na nan tana koyarwa, tana kuma leƙa Iya wani lokaci. Tsohuwar yanzu daga 'yan garuwa take sayen ruwa, ta rage yin daddawa saboda wankin kalwa na cin ruwa. Ba ta ɗauki kanta mai laifi ba. A zuwan Abigel na ƙarshe, da ta rako ta zaure, sai ta ce, "In wani mai takardar ya sake zuwa, ki tambaye shi tun farko, a cike yake so ya ga rijiya ko a ƙafe. Ko da yake yanzu ɗaya ce kawai za mu iya nuna masa."