Farin Layin Baba Dawo

Kafin rana ta ɗaga Baba Dawo ya riga ya isa gareji. Shekara talatin da huɗu haka yake yi. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gama zagaya motar. Zai ɗauki 'yar gudumarsa ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya karkata kai kamar mai sauraron hirar maƙwabta ta bango. Daga nan ya durƙusa ya buɗe wani ɗan famfo a gindin tankin iska, ruwa ya feso, ya rufe. Ya zaro sandar gwada mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya murza man a yatsunsa yana kallonsa a hasken rana. Sai ya gama duk wannan sannan ya ɗago ya ce, "Jama'a, kun tashi lafiya?" Mutanen da suka gaishe shi tun ɗazu har sun manta sun gaishe shi.

Na sani domin shekara goma sha tara na yi ina sayar da abinci a bakin garejin nan. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Matar ɗana Auta ce take rubuta mini wannan, kuma na gaya mata in ta rage ko kalma ɗaya zan sa a karanta mini in gane.

Motar da nake magana a kanta tsohuwar babbar mota ce ta dakon kaya, direbobi suna ce mata Gwaggo. Ta girmi Auta. Mijina, Allah ya ji ƙansa, shi ya ja ta har ƙarfinsa ya ƙare, sannan aka ba Auta. Sa'o'inta duk sun zama tsohon ƙarfen da ake sayarwa a sikeli, ita kuwa har yau tana hawa tudu tana tari tana gunaguni. Hannu ɗaya ne ya riƙe ta duk tsawon wannan zamani, hannun Baba Dawo.

Sunan nan ma tsokana ce. Duk ranar da ya cire taya ya mayar, sai ya ce wa direba, "In ka yi 'yar tafiya da kaya, ka dawo in sake ɗaure maka." Direba ya ce, "Haba Baba, ba yanzu ka hau bututun sifana ka yi tsalle a kai ba?" Ya ce, "Ƙarfe yana zama bayan ya ji nauyi. Ka dawo." Ni dai ban taɓa gane yadda ƙarfe zai zauna ba, mutum ne shi? Amma ka dawo, ka dawo, har sunansa na yanka ya ɓace.

Abubuwansa da yawa ban gane su ba. Ba ya juyen baƙin mai sai inji yana da ɗumi, wai in ya huce dattin yakan kwanta ya ƙi fita. Ba ya mayar da tsohuwar filta ko mai mota zai haɗiye zuciya. Man da ya juye ba ya zubarwa a ƙasa, a duro yake tarawa, kuma ya taɓa yini bai yi mini magana ba don na ɗebi kaɗan na shafa wa ƙafar tebur saboda gara. Man birki da man giya da giris kowanne da mazurarinsa da tsummansa, wanda ya haɗa masa su ya ja wa kansa wa'azin yini guda. Sannan notin tayoyin hagu na Gwaggo baibai ake ɗaure su: inda ake juya na kowace mota a kwance, su nan ake juya su a ɗaure. Na tambaye shi dalili, ya yi mini bayani da murfin tukunyata har miyata ta huce, na tashi ban fi yadda na zauna ba.

Abu ɗaya na gane, shi ne farin layi. Yana da wani gwangwanin fenti da ɗan tsinke. In ya gama ɗaure noti sai ya ja farin layi daga kan notin ya sauka kan wili, wato ƙarfen tayar. Kowane noti, kowace taya. Wata rana na ce masa, "Wai kwalliyar me kake yi wa tsohuwar nan? Miji za ka nemo mata?" Ya yi dariya ya ce, "Maman Auta, wannan rubutu ne na waɗanda ba su yi makaranta ba, irina da irinki. In layin sama ya rabu da na ƙasa, noti ya motsa. In noti ya motsa, kada motar ta motsa." Shi ne karatu ɗaya tak da na iya a duniya.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Ku tambayi Dogo direba ranar da aka gama lodi, mai kaya yana ta duba agogo, Baba Dawo ya hango layi biyu sun karkace. Ya ce a tsaya, aka ƙi. Ya jawo bencina ya ajiye a tsakiyar ƙofar gareji ya zauna ya harɗe ƙafa. Dogo ya yi ta danna ham, shi kuwa ya ce in zubo masa abinci. Da aka cire tayar, uku daga ƙusoshin da notin ke hawa sun tsage. Dogo bai sake yi masa ham ba har yau. Ku tambayi tsohon mai mota, in bai manta ba, ranar da Baba Dawo ya ga man inji ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ya ce ruwan lagireto ne yake shiga, ya ɓoye makullin a aljihunsa kwana huɗu.

Baba Dawo, kai ne ba ka taɓa cewa "zai kai" ba. Kai ne ka binne abokanka direbobi da yawa, amma ba ko ɗaya da tayarka ta kai shi kabari. Mai farin layi, mai kunnen jin ciwon ƙarfe.

To, yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta. Matar Auta ta ajiye biro, na ce ta ɗauka.

Wata bakwai da suka wuce, tayar baya ta hagu ta fice daga jikin Gwaggo a gangara, da kaya maƙil. Tayar ta wuce motar a guje ta rushe katangar wani shago. Allah ya sa ba kowa a wurin. Motar ta kwanta, ƙafar Auta ta karye biyu. Ɗan mai mota, wanda yanzu shi ke riƙe da garejin, ya ce ai kwana shida kafin nan Baba Dawo ya taɓa tayoyin, tsufa ne ya kama shi, hannunsa ya daina ɗaure noti. Ni kuwa daga asibiti ban biya gida ba. Na shiga gareji mayafina a hannu, na same shi a tsugune gaban wilin da aka kwaso yana jujjuya guntayen ƙusoshi. A gaban direbobi da masu lodi na ce masa, "Azzalumin tsoho! Ka ci amanar abokinka! Uban ya mutu ya bar maka ɗa, shi ne za ka kashe shi da kwalliyar fenti?" Na sa ƙafa na shuri gwangwanin, ya bugi bango ya lotse, fenti ya malale.

Ya tashi ya ɗauko gwangwanin, ya rufe shi, ya ce, "Maman Auta, yaya ƙafar yaron?"

Abin da ya ce ke nan. A satin aka ce masa ya je ya huta. Ba taro, ba godiya. Doguwar sifanarsa ta taya, wadda ya zo da ita garejin tun yana saurayi, aka kulle ta a sito aka ce kayan kamfani ce. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Aka gyara Gwaggo, Auta ya warke yana ɗingishi, ya koma kan sitiyari. Duk ranar da zai yi sammako a ƙofar gidanmu motar take kwana, ni kuma da safe nakan share wurin. Rannan ina shara, idona ya kai kan tayoyi kamar yadda ya saba. Babu layi ko ɗaya, sabon makanike ba ya wannan. Na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Domin na tuna. Safiyar ranar haɗarin ma na yi shara. Na ga layukan tayar baya ta hagu a warwatse, kowanne ya kama gabansa, ba ɗaya da ya haɗu da ɗan'uwansa. Har na ce, "Auta, layin Baba Dawo ya tarwatse." Ya ce, "Inna, fenti ne kawai, na makara." Ya tayar da mota ya tafi. Yaya aka yi na manta? Wata biyar cur! Har yau ban sani ba. Ko mantawa na yi, ko zuciyata ce ta ƙi tunawa.

Na shiga ɗaki na same shi yana ɗaure takalmi. Na ce, "Wa ya taɓa tayar nan bayan Baba Dawo?" Ya ce, "Inna, wace taya kuma?" Na ce, "Kada ka maida ni sakarya, ni na haife ka." Ya sunkuyar da kai ya faɗa mini komai. Ashe kwana biyu kafin haɗarin tayar ta yi faci a hanya, ya tsaya wurin wani mai faci da ke da bindigar iska ta kwance noti. Mutumin bai san notin hagu na Gwaggo baibai suke ba. Ya yi ta ɗirka musu bindiga ta inda ya saba, yana zaton kwancewa yake, ashe matsewa yake yi, har ƙusoshin suka ji jiki kafin ya farga. Auta yana can yana cin abinci. Aka mayar da taya, kuma bai dawo wurin Baba Dawo ba, don kada a yi masa faɗa. Mutum mai 'ya'ya uku yana tsoron faɗa!

Na tafi gidan Baba Dawo da ƙafata. Na same shi a zaure yana gyara wa maƙwabciya injin markaɗe. Ban ma yi sallamar kirki ba na ce, "Ka sani?" Ya ce, "Zauna mana, Maman Auta." Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Ka sani?" Ya ce, "Tun da na ɗauki ƙusar farko. Hannu ba ya miƙar da ƙarfe haka, sai bindiga." Na ce, "Shi ne ka yi shiru na zage ka a gaban 'ya'yan cikinka?" Ya ce, "In na yi magana, wa za a kora? Ni na ci zamanina. Shi fa?" Na ce, "To ni ka tambaye ni ko ina son a rufa wa ɗana asiri da mutuncinka?" Ya ce, "Da na tambaye ki, da kin shuri wani abin kuma. Gwangwani ɗaya gare ni."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun, sannan na ƙara zaginsa. Ya roƙe ni in bar maganar. Na ce ban ji ba.

Wata biyu ke nan ina juya abin, kaina ya kulle. Na fito neman hakki, na rasa wanda zan shaƙe. Mai faci ban san fuskarsa ba. Ɗan mai mota ya yanke hukunci bai bincika ba, amma ni ma haka na yi, har na fi shi baki. Auta ɗana ne. Shi kuma tsohon da aka zalunta, haushinsa nake ji don ya bari an zalunce shi. Wace irin shari'a ce wannan, mai ƙara ita ce mai laifi, wanda aka cuta kuma yana cewa a tashi? Na je wurin ɗan mai mota sau biyu, aka ce yana taro. Shi ya sa na ce a rubuta inda kowa zai gani.

Ga abin da nake nema, ba shi da yawa. Ɗan mai mota, ka tara direbobi da masu lodi a daidai inda na shuri gwangwanin, ka faɗa da bakinka cewa hannun Baba Dawo bai taɓa sakin taya ba. Ka buɗe sito ka ba shi sifanarsa. In ka ga korar Auta ce daidai bayan ka karanta wannan, ban ce zan ji daɗi ba, 'ya'yansa a gabana suke cin abinci. Amma na gwammace ya zauna a gida da gaskiya da ya ci gaba da jan mota da sunan wani a ƙarƙashin tayarsa. Na gaya masa haka jiya. Da safen nan ya ce wa matarsa, "Rubuta duk abin da Inna ta ce."

Baba Dawo, kai ne ka riƙe mijina a kan hanya shekara da shekaru yana dawo mini da ransa. Kai ne ka riƙe ɗana sau biyu, da sifana da kuma shirunka. Na gode, ka yafe mini. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ban yafe maka shirun ba tukuna, amma ina ƙoƙari.

Ku kuma makanikai da direbobi, ban san inji ba, ba zan koya muku sana'arku ba. Ku dai juye mai a kan lokaci, ku saurari tsofaffinku ko suna da mita, in an ce ku dawo ku dawo. Ku ja farin layi, don wata tsohuwa mai shara ta iya karantawa. In kuma ta karanta muku, ku kashe mota.

Gwangwanin yana hannuna. Na karɓo shi, na sa an buga lotsawar, na cika shi da sabon fenti. Ranar Litinin zan ɗauki tsohon bencina in ajiye a tsakiyar ƙofar gareji in zauna da gwangwanin a cinyata. Na ga yadda ake yi. Mai ham ya yi ta dannawa.